Hannun Yaya a Madubin Mota

Aikin yayana a kasuwar Mile 12 shi ne tsayawa a bayan babbar mota. In ka ji haka sai ka ce, wannan ma aiki ne? To, je ka gani da idonka. Mota ce ta taso daga Arewa da kwandunan tumatir har sama, za a shigar da ita da baya ta wani lungu da ko baro biyu sai sun yi wa juna haƙuri, ga 'yan dako suna giftawa da kaya a ka, ga mata masu sari sun baza farantai har gindin taya. Direba ba ya ganin abin da ke bayansa. Abin da yake gani kawai mutum ɗaya ne a cikin madubi, yana ba shi hannu: taho, karya dama, kaɗan, tsaya. Murya ba ta da amfani a wurin, don hayaniyar Mile 12 ko aradu ce ta faɗi sai wani ya ba ka labari. Yaya ya fi shekara ashirin yana wannan aiki, kuma direban da ya fi jin daɗin ba wa hannu shi ne mijina.

Ta nan ma aka yi auren. Yaya ne ya kawo shi gidanmu a Agege cin abinci, wani dogon Bakano mai shiru-shiru, wanda in ka gaishe shi sai ya yi tunani kafin ya amsa. Ni kuwa haifaffiyar Agege ce, kakanmu soja ne ya zo ya zauna, Yarabanci a bakina kamar ruwa, kuma bakin nan nawa ba ya hutawa, haka Allah ya yi ni. Ina da ɗan shago kusa da titin jirgi ina sayar da kayan miya. Mutane suka yi ta cewa yaya za a yi wannan zama, rediyo da dutse. Aka yi kuwa, shekara ashirin da uku.

Maigida ba mai fariya ba ne, amma yana da abu ɗaya da yake taƙama da shi. A hanya su biyu ne, shi da abokin tuƙinsa, suna karɓa-karɓa. Amma in an iso Mile 12, shigar da mota da ribas nasa ne, ba ya ba kowa. Mutane har tsayawa suke su kalla. Na taɓa tsokanarsa na ce, oga direba, ai ba gwaninta ba ce, Yaya ne ke tuƙa ka da hannu. Sai ya ce, "Ni ba hannun yayanki nake kallo ba, kafaɗarsa nake kallo. Kafin hannun ya tashi na riga na san abin da zai ce." Na yi dariya na ce to boka. Ban ɗauki maganar da wani muhimmanci ba.

A wata tafiya, cikin tsakiyar kakar tumatir, ya dawo yana cewa tun daga Jebba kansa ke sarawa. Da yamma ina ba shi labari na ji amsarsa tana fitowa a dame, kamar harshen ya yi masa nauyi. Yana da hawan jini, kuma maganin sai ranar da ya ga dama yake sha. Na ce mu je asibiti, ya ce gajiya ce. Ya haɗiyi ƙwayar ciwon kai, ya yi kwana biyu a kwance, ya tashi garau, maganarsa ta dawo daidai, ƙafa da hannu lafiya lau. Muka ce alhamdu lillahi, muka manta.

Abu na farko da na gani, dariya ma ya ba ni, Allah ya yafe mini. Muna da wani maƙwabci Bayarabe, tela, mutumin kirki. Ya hango maigida a ƙofar gida, ya taho da fara'arsa ya miƙo hannu su gaisa. Sai maigida ya zabura ya ja baya, ya kare fuskarsa da gwiwar hannu kamar an kawo masa duka. Tela ya tsaya sororo da hannu a miƙe. Na ce, haba maigida, bashinsa ka ci ne? Shi ma ya yi yaƙe, ya kama hannun, ya ce hankalinsa ne ba ya wurin.

Bayan kwana biyu muka fita tare za mu dubiya, muka bi ta mararrabar titin jirgi. Duk wanda ya san wurin nan ya san cinkosonsa, amma mutane ba sa karo da juna. Kana ganin mai tahowa ka san ta ina zai kauce, shi ma ya san ta inda za ka bi, ba wanda ya ce wa wani uffan. Ranar nan sai da maigida ya bangaji mutum huɗu kafin mu tsallaka. Wata mai burodi ta zage shi tas, ni kuma na rama masa da Yarabanci har da ƙari. Ya riƙe gefen mayafina kamar makaho, ga idonsa a buɗe tar.

Wanda ya kashe mini jiki shi ne na ranar Juma'a. Na rufe shago ina komawa gida, ashe yana bayana tun daga titin jirgi, taku biyar ne tsakaninmu. Bai yi mini magana ba har muka kai ƙofar gida, na juyo don in buɗe, sai ya ga fuskata ya ce, "Au, ke ce?" Mutumin da ya sha gaya mini ko a filin Arfa ya hango bayana zai gane tafiyata. A ranar kuma matar ladan ta ja ni gefe ta ce, lafiya kuwa maigidanki? Wai an ɗauke wuta ana cikin sallah, lasifika ta mutu, sahun baya ba su ji kabbara ba. Kowa ya ga na gaba sun sunkuya ya bi, shi kaɗai ya rage a tsaye ƙiƙam a tsakiyar sahu, yana kallon bayan mutane.

Sati guda na yi ina masa mita, safe da rana, har ya gaji ya ce mu je don in bar shi ya sha iska. Likitan ido ya gwada shi ya ce idonsa ya fi nawa. Ya tura mu wurin wata likitar ƙwaƙwalwa, mace, Bayaraba, tana ɗan jin Hausa kaɗan, inda ta kakare ni nake fassarawa. Aka ɗauki hoton kansa a wata na'ura, sannan ta zaunar da shi. Ta nuna masa kofi, ya ce kofi. Ta nuna masa mataji, ya ce mataji. Ya dube ni, irin kallon nan na kin ga ɓata lokacin da kika ja mana. Sai ta ajiye kayan a aljihun tebur, ta dunƙule hannu babu komai a ciki, ta kai baki, ta ɗaga kai kamar mai shan ruwa.

Ta ce, "Baba, me nake yi?"

Ya ce, "Hannunki ya tashi sama."

"To, me nake yi da shi?"

Ya ƙura wa hannun ido. Ta yi kamar tana taje kai. Ya bi ta da kallo. Ta yafito shi da hannu, irin na zo nan, sannan ta buɗe tafin hannu ta tsayar a gabansa, irin na dakata. Ta ce wanne ne wanne? Na ga zufa ta keto masa a goshi, ga fanka tana juyawa a kanmu. Can ya ce, a hankali, "Duk ɗaya nake ganinsu." Wallahi a lokacin ba shi na tuna ba. Yaya na tuna, tsaye a bayan mota da hannu a sama.

Likita ta yi mana bayani yadda za mu gane. Ta ce ido ɗan dako ne kawai, kaya yake kai wa ƙwaƙwalwa, ita ce ke kwance kayan ta san mene ne. A cikin ƙwaƙwalwa kuma akwai wani wuri a gefen kai, ta wajen saman kunne, wanda ba shi da wani aiki sai jikin ɗan Adam. Shi ke ɗaukar motsin kafaɗa da na gwiwa da na ƙafa ya harhaɗa su, ya gaya maka wannan zama zai yi, wannan gaisuwa ya kawo, wannan mari ne. Kuma yana gama aikinsa tun kafin ka yi tunani, shi ya sa in ka ga wani ya yi tuntuɓe sai ka ji naka jikin ya zabura. Ta nuna mana wani ɗan tabo a hoton, ta ce ƙaramar jijiyar jini ce ta toshe a nan, ranar da harshensa ya yi nauyi. Fuska yana ganewa, kaya yana ganewa, magana yana ji. Abin da jiki ke faɗa ne ya ɓace masa. Ta ce yana iya dawowa a hankali, yana iya ƙin dawowa. Da ta ji sana'arsa sai ta ajiye biro ta ce kada ya sake taɓa sitiyari.

Muka koma gida. Muna shiga ɗaki ya turo ƙofa ya zauna a bakin gado.

Ya ce, "Ki rufa mini asiri."

Na ce, "Asirin me? Ciwo ai ba sata ba ne."

"A wurin direba ya fi sata. Yau in aka ji, gobe an karɓe makulli, jibi ina zaune a ƙofar gida ana nuna ni. Ni mota nake tuƙawa, ba mutum ba. Mota ina ganinta sarai, titi ina ganinsa."

Na ce, "Wa ke tsayawa a bayan motar? Akuya ce? Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya!"

Ya ce ya sani, kuma zai kula. Ya ce in bari a gama kakar tumatir, sai ya sauka da mutuncinsa, ya ce tsufa ne. Na yi masifa, na yi kuka, na ce in wani abu ya samu Yaya ba zan yafe ba duniya da lahira. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce shekara ashirin da uku bai taɓa roƙona komai ba sai yau. Gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Mu kuma haka aka tarbiyyantar da mu, tun ranar da za a kai ni ɗaki innarmu ta ce mace zanen mijinta ce, ko me ta gani ta lulluɓe. Na yi masa alkawari zan rufe. Washegari da hantsi ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Kwanakin nan ban ga daɗinsu ba. Ina zaune a shago amma idona na kan mutane, kamar yau na fara ganinsu. Mace za ta tsaya gaban attaruhu, tun kafin ta buɗe baki na san za ta saya, daga yadda ta mayar da jaka ɗaya kafaɗar. Ɗan acaba zai ɗan karkata kai, mai tsallakawa ya fasa. Ashe duk yinin nan hira muke yi da juna da jiki, ba mu sani ba. Sai in tuna akwai mutum ɗaya da aka cire daga hirar nan, kuma an ɗora shi a kan mota mai taya goma. Waya na yin ƙara sai in yi wuf in ɗauka. Ranar da na san za su shigo kasuwa ko shayi ba na iya sha.

Maigida ya yi sawu ɗaya lafiya, ya yi na biyu lafiya. Ya dawo yana cewa, kin gani ko? Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya, gaba kura baya sayaki. Da ya tafi na uku sai na saka mayafi na shiga mota zuwa Ketu, gidan Yaya. Na ce a raina alkawarin da na yi na rufe wa duniya ne, ban da wanda zai mutu.

Na same shi da la'asar yana cin ƙosai a tsakar gida, matarsa ta fita unguwa. Na fara kewaye-kewaye, ina tambayar kasuwa, ina tambayar yara. Ya dube ni ya ce, "Auta, faɗi abin da ya kawo ki. Tun daga ƙofa na ga tafiyarki ba ta gaisuwa ba ce."

Na ce, "Yaya, mutuminka ba shi da lafiya. Ba ya gane hannu."

Ya ci gaba da tauna ƙosansa. Sannan ya ce, "Yau kika sani?"

Ashe tun sawun farko ya gane. Ya ce ya ba shi hannu ya karya dama, mota ta taho tsaye. Ya ce tsaya, ta ci gaba, sai da ya ruga ya naushi jikin motar sannan ta tsaya. Daga ranar ya samo wani guntun ƙarfe, ya daina tsayawa inda madubi ke ganinsa, ya koma gefen tayar baya yana ƙwanƙwasa jikin mota. Ɗaya, taho. Biyu, tsaya. Na ce kun yi maganar da shi? Ya ce wace magana? Bai tambayi maigida ba, shi ma bai gaya masa ba. Ya ƙwanƙwasa, maigida kuma ya gane, shi ke nan.

Na ce, "A cikin hayaniyar nan? Ranar da bai ji ba fa? Kuma ai na san ƙarshen lungun, dole ka leƙa baya ka ga tazarar da ta rage."

Ya ce, "Ina leƙawa in fito. Allah na nan."

Kai, raina ya ɓaci! Na ce Allah na nan, amma ai shi ya ba mu hankali. Na ce ya gaya wa abokin tuƙin ya riƙa shigar da motar. Yaya ya ajiye kwano ya ce, "Ke, kin san abin da kike faɗa? In ce wa mutumin da duk kasuwa ke tsayawa kallonsa ya sauko a shigar masa da mota? Gara in tuɓe masa wando a tsakiyar Mile 12. Wannan maganar maza ce, ki cire bakinki. Saura sawu nawa ne? Ki je gida." Ya rako ni har bakin titin Ikorodu, ya tare mini danfo, motar hayar can, har da yi mini wasa wai in rage faɗa kada hawan jinin ya dawo kaina.

A hanya na ƙudurta abin da zan yi. Tunda su biyun sun haɗa baki ba tare da sun yi magana ba, ni zan raba su da wannan wauta. Zan je kasuwa ranar da za su shigo, in tsaya a bayan motar inda zai gan ni a madubi, in ɗaga masa hannu. Dole ya taka burki, ya sauko a fusace, ni kuma in ce ba zan matsa ba sai abokin tuƙinsa ya hau. Kowa zai ɗauka rigimar miji da mata ce, an san halina, ba wanda zai yi mamaki. Asiri a rufe, Yaya a tsira.

Kada ka ce ban tuna maganar likita ba. Na tuna. Amma na ce likita takarda ta sani, ba ta san aure ba. A gida ai ban taɓa ganin ya kasa gane ni ba in muna fuska da fuska. In na miƙa masa ruwa yana karɓa, in na zo shara yana ɗaga ƙafa, in na yi fushi ya sani. Na ce hannun tela daban, hannun likita daban, amma hannun matar da ta haifa masa 'ya'ya biyar ko a mafarki ya gani zai gane. Da wannan tunanin na tafi, har ina jin daɗin dabarata.

Na isa da hantsi. Rana ta riga ta yi zafi, ƙasa ta yi caɓalɓal da ruɓaɓɓen tumatir, warin albasa na shiga ido. Na laɓe a bayan wata rumfa har na hango motar ta karyo kai, ta daidaita, ta fara shigowa da baya. Yaya na can gefen tayar baya ta ɗaya ɓangaren, da guntun ƙarfensa, bai gan ni ba. A ƙarshen lungun akwai wata motar albasa a tsaye, nan ne iyakar inda za a tsaya. Ina jin ƙarar ƙarfen sama-sama a cikin hayaniya, ƙwas, mota ta motsa, ƙwas, ta ƙara motsawa. Na yi bisimilla, na ratsa tsakanin kwanduna, na shiga na tsaya a gaban motar albasar, daidai saitin madubin direba.

Na ɗaga hannu biyu sama, tafi a buɗe. Ina hango fuskarsa 'yar ƙarama a cikin madubin, shi ma ya gan ni, don na ga ya ɗan gyara zama ya matso da kai. Motar ta yi kamar ta dakata. Na ce a raina, yawwa, na faɗa. Na ƙara miƙa hannuwan, ina tura iska da su, tsaya, tsaya. Sai na ji injin ya ƙara murya, bayan motar ya taho, kuma ya fi na da sauri.

Ƙafata ta ƙi tashi. Ban san yadda zan bayyana maka ba, ina ganin katakon bayan motar yana rufe mini sama, ina ganin ƙusoshin jikinsa, amma hannuwana na nan a sama sun ƙi sauka. Wata mata ta ƙwalla ƙara. A lokacin Yaya ya leƙo don ya duba tazara, ya gan ni. Da ya ƙwanƙwasa sau biyu da shi ke nan, ƙarfen na hannunsa, motar na gefensa. Amma wanda ya ga ƙanwarsa a bakin mutuwa ba ya lissafi, jikinsa ya riga shi. Ya jefar da ƙarfen ya yi tsalle ya hankaɗe ni. Na faɗa kan kwandunan mutane da fuska. Sai na ji wani sauti a bayana, ba mai ƙarfi ba ma, kamar an taka busasshen kwando.

Daga nan kasuwa ta kaure. 'Yan dako suka rufe motar da duka ta ko'ina, abokin tuƙin ya dirgo yana salati, motar ta ja gaba. Yaya ya sulale ƙasa tsakanin motocin biyu, idonsa a buɗe, bakinsa na motsi ba sauti. Ni kuwa jikina sharkaf da ruwan tumatir, mutane suka ɗauka jini ne, suka yo kaina, ina ihu ina cewa ba ni ba ce, ba ni ba ce, ku ɗauke shi.

Bai mutu ba. Haƙarƙari huɗu suka karye, kafaɗar dama ta murƙushe. Da azahar Yaya yana ɗakin tiyata, ni da maigida muna zaune a wani benci a barandar asibiti, tazarar mutum biyu tsakaninmu. Ban iya kallonsa ba. Shi ya fara magana.

Ya ce, "Na gan ki. Wallahi na gan ki, na gane fuskarki."

Na ce, "Ka gan ni ka taho? Hannu biyu na ɗaga maka!"

"Na ga hannu. Na ce tunda ke ce a wurin, yayanki ne ya sa ki, don ya san na fi sabawa da ke. Na ɗauka kira na kike. Har na ji daɗi, na ce bari in nuna miki ina iyawa."

Na ce, "A gida ai kana gane ni."

Ya juyo ya dube ni, idonsa ja. Ya ce, "A gida faɗa kike. Ga ruwa, ɗaga ƙafa, matsa in wuce, ni kada a yi mini magana yau. Ba ki taɓa yin abu ba ki faɗe shi ba. Tun ranar nan muryarki nake bi."

Na kifa kai a cinya na yi kukan da ban taɓa yin irinsa ba. Ya zauna yana kallona, ban sani ba ko ya gane abin da nake yi kafin ya ji sautin. A ranar ya ba abokin tuƙinsa makulli, bai sake hawa mota ba.

Sai washegari da rana Yaya ya farfaɗo sosai. Matarsa ta sauka sayo ruwan zafi, ya rage ni kaɗai a gefen gado. Likita ya riga ya gaya mana hannun daman ba zai ƙara tashi sama da ƙirji ba. Na durƙusa na fara ba shi haƙuri, ya girgiza kai, ya yi mini alama da ido in matso. Numfashi na yi masa wuya, kalma ɗaya-ɗaya yake fitarwa.

Ya ce, "Auta, wa kika gaya wa?"

Na ce ban gaya wa kowa ba tukuna, amma yau zan faɗa, kowa ya ji, daga ciwon har abin da na aikata.

Ya ce, "A'a. In an tambaya, kin zo sari ne, kika ratsa ba ki lura ba. Ni kuma santsi ya ɗebe ni, na shiga inda bai kamata ba. Direba ba shi da laifi, ke ma ba ki da shi. Kin ji ko?"

Na ce, "Yaya, don Allah."

Ya ce, "Kin ji ko?"

Na ce, "To, Yaya."

Haka aka faɗa a kasuwa, haka dangi suka ji, haka 'ya'yansa suka sani. Wata uku na yi ina zirga-zirga tsakanin Agege da Ketu, ina kai abinci, ina taya wanki, ina riƙe masa kofi. Matarsa har yau duk inda muka haɗu a taron biki sai ta kama hannuna ta gaya wa mutane irin jinyar da na yi wa mijinta, ta ce samun dangin miji irina sai an tona.